A Koyi Ƙira Ko Ba a Gada Ba

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoman Manga da na sauran garuruwan ƙasar Zuru sukan kama hanyar maƙera. Wani ya je da garmarsa da ta dakushe, wani da fartanyar da ruwanta ya tsage, wani kuma gatarinsa ne ya kwance daga ƙota. Babu ma'aikatar da ta rubuta wannan cikin tsarin aikinta na shekara, amma kowa ya san in ba a bi ta wurin maƙeri ba, dawa da masarar da ake sa ran girbewa da kaka ba za su shiga ƙasa ba. Duk da haka, in ka tara ma'aikatan gwamnati ko ɗaliban babbar makaranta, ka tambaye su wane ne ya taɓa riƙe awartaki ya ciro jan ƙarfe daga wuta, da wuya waɗanda za su ɗaga hannu su cika yatsun hannu ɗaya.

A ganina wannan babban giɓi ne a iliminmu, kuma toshe shi ba ya bukatar kwangila ko kuɗin ƙasashen waje. Kamata ya yi ma'aikaci da ɗan makaranta su ɗauki ƙira su koya a lokacin hutunsu, da yamma bayan an tashi daga aiki, ko ran Asabar, ko cikin dogon hutu, su kuma koye ta a gaban maƙeran garinsu da ladabi irin na almajiri. Kayan farawa ba su da tsada, malamin kuwa yana nan da ransa a bayan kasuwa. Raini ne kawai ya shiga tsakaninmu da shi.

Asalin abin da muke rainawa

Ƙira ta girmi boko a ƙasar nan nesa ba kusa ba. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono murahun narka tama na mutanen Nok, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 2,500. Tarihin Kano ya nuna Abagayawa maƙera ne da suka zauna a gindin Dutsen Dala saboda tamar da ke wurin, an kuwa sami alamun narkar ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7. A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Maƙera, maƙera suna da kiɗansu na dundufa, suna da wasan wuta da sukan yi ran biki ko naɗin sarauta. An ma raba su gida biyu, watau maƙeran baƙi masu aikin kayan noma da na yaƙi, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla.

Ta fuskar addini kuma babu mai ikon raina sana'ar. Sura ta 57 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙarfe take ɗauke da shi, Annabi Dauda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, maƙerin sulke ne, kuma cikin sahabban farko akwai Habbabu ɗan Aratti wanda ya yi ƙirar takubba a Makka. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda suke da yawa a ƙasar Zuru, sun san Tubal-kayinu da aka ambata a Littafin Farawa a matsayin mai aikin tagulla da ƙarfe.

Mutumin Zuru ya fi kowa sanin darajar garma. A al'adar golmo ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi yakan yi shekara 7 yana noma wa surukansa tare da abokansa kafin a ba shi mata, bikin Uhola kuma godiya ce ta amfanin gona. Al'ummar da ta ɗora aure da mutuncin namiji a kan garma, ai bai kamata 'ya'yanta masu ilimi su jahilci yadda ake ƙera ta ba. Mu tuna kuma rabin wannan ilimi ya riga ya kuɓuce mana. Kakanninmu da kansu suke haƙo tama su narka ta su fitar da ƙarfe, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, ƙarfen Turai da tarkacen inji suka yi araha, sai narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu cikin ƙarni na 20 ba tare da an yi mata makoki ba. Ƙirar da ta rage ita ma za ta iya bin sahu, domin 'ya'yan maƙera da yawa sun koma acaba da walda da aikin ofis.

Mun fara gini daga sama

Gwamnatocinmu sun san muhimmancin ƙarfe, sai dai sun fara ginin ne daga jinka. A 1979 aka ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet don gina kamfanin ƙarafa na Ajakuta, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, amma fiye da shekara 40 bayan haka babban murhun narka tamar bai taɓa aiki ba. Ta wajen ilimi kuma, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta haifi tsarin 6-3-3-4 wanda aka fara aiki da shi a 1982, da nufin kowane yaro ya koyi aikin hannu a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu, da yawansu kuwa suka yi tsatsa cikin akwatunan da suka zo a ciki, saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya su. Alhali kuwa a bayan katangar makarantar akwai dattijo zaune da zuga-zugi na fatar akuya, wanda bai taɓa jiran a kawo wuta ba kafin ya buɗe aiki, kuma ba wanda ya ce da shi shigo ka koya wa yara.

Shugaban makarantar da ya kulle injunan, da jami'in da ya sa hannu aka sayo su, dukansu ma'aikatan gwamnati ne irinmu, da ba su taɓa ƙera ko ƙusa ɗaya ba. Wanda hannunsa bai san ƙarfe ba, ko an ɗora shi kan sha'anin kayan noma na jiha guda, ba zai iya bambanta garmar kirki da ta banza ba, sai abin da ɗan kwangila ya faɗa masa.

Kayan da mai koyo ke bukata

To, me ake bukata don farawa? Abu na farko wuta. Maƙerar gargajiya rami ne ɗan ƙarami a ƙasa, da 'yar katangar yumɓu, da bututun yumɓu wanda iska ke bi ta cikinsa zuwa gindin gawayi. Iskar kuwa daga zuga-zugi take fitowa, ko daga 'yar fankar da maƙera da yawa ke haɗawa da wilin keke su riƙa juyawa da hannu. Gawayin ƙirya shi maƙeranmu suka fi so, domin yana da nauyi, yana jimrewa, yana ba da zafi sosai. A farfasa shi ƙanana kamar girman goro, don manyan gutsattsari suna barin iska ta wuce ta kai wa ƙarfe sanyi.

Na biyu uwar maƙera, watau dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga. Mai koyo ba ya bukatar irin ta Turai mai ƙaho. Kan babbar guduma, ko guntun ƙarfen gindin babbar mota mai kauri, in aka kafa shi daram cikin kututture, ya wadatar. Sharaɗin dai shi ne ya yi nauyi, fuskarsa ta yi sumul, kada ya yi rawa in an buga. Na uku masaɓa. Kada ƙuruciya ta sa a ɗauki mai nauyi. Wadda ta kai kimanin kilo 1 ta ishi mai farawa, domin wanda hannunsa ya gaji ba ya saita duka. Na huɗu awartaki, wanda tilas bakinsa ya kama ƙarfen da kyau, don jan ƙarfen da ya suɓuce ya yi tsalle shi ne mafarin yawancin raunin maƙera. Sai ƙarfen datsa, da na huda, da magagari, da dutsen washi, da bokitin ruwa a kusa. Duk waɗannan ana samunsu a kasuwa ko a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, kuma bayan 'yan watanni mai koyo zai ƙera wasunsu da kansa. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na wayar hannun da yawancinmu ke riƙe da ita ba.

Ƙarfe iri-iri ne

A nan ne ɗan makaranta zai ga amfanin darasin kimiyyar da ya haddace don jarrabawa. Abin da ya raba ƙarfe mai taushi da mai tauri shi ne yawan kabon da ke cikinsa, watau irin sinadarin da ke cikin gawayi. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, kamar falanki da sandunan da masu walda ke yin ƙofa da taga da su, yana da daɗin bugu da lanƙwasawa, amma ko an tsoma shi a ruwa ba ya yin taurin riƙe kaifi. Da shi ya kamata a fara koyo. Sifirin na mota yana da kabon kimanin kashi 0.6, shi ya sa maƙeranmu ke nemansa don gatari da adda da wuƙa. Tsohon magagari ya kai kashi 1 ko fiye, yana ba da aska mai kyau, sai dai yana da saurin tsagewa a hannun wanda bai ƙware ba. Ƙarfen zubi kuwa, irin na gangar jikin inji ko ƙafar tsohon keken ɗinki, kabon ya yi masa yawa, in an buge shi farfashewa yake yi, saboda haka a bar shi. Rodin gini kuma ba shi da tabbas, yau ka sami mai taushi gobe mai tauri.

Ana gane ƙarfe ba tare da wani injin awo ba. A gasa ɗan guntu har ya yi ja, a tsoma shi a ruwa, sa'an nan a goga masa magagari. In magagarin ya ci, ƙarfen mai taushi ne. In ya zame yana ƙara, mai tauri ne. Wanda ke kusa da injin washi kuma ya dubi tartsatsi: na ƙarfe mai taushi dogaye ne marasa rassa, na mai kabon kuwa suna fashewa kamar taurari.

Karatun wuta

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa, dalilin da ya sa ke nan ake yin maƙera a inuwa, don a rana tsaka launin ƙarfe ba ya bayyana. Ƙarfe yakan fara ja mai duhu a wajen digiri 600 na ma'aunin santigired, ya yi jawur a wajen 800, ya koma ruwan goro a wajen 950, ya yi ruwan ɗorawa a wajen 1,100. In ya yi fari yana tartsatsi cikin wuta, to ya fara ƙonewa, aikin ya lalace. Ana bugu ne daga ruwan ɗorawa zuwa ja, da zarar jan ya fara dushewa sai a mayar da shi wuta. Hausawa da suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, daga maƙera suka ɗauko maganar, wanda ya ci gaba da dukan ƙarfen da ya huce kuwa zai gajiyar da kansa ya kuma tsaga aikinsa.

Ayyukan masaɓa ba su da yawa in an lissafa su: a miƙar da ƙarfe ya yi tsawo da tsini, a baje shi ya yi faɗi, a dunƙule shi ya yi kauri, a lanƙwasa, a murɗa, a huda, a datse. Kowane abin da ka gani a rumfar maƙeri daga waɗannan ya fito. Mai koyo ya fara da ƙusa, ya yi ta maimaitawa har guda 20 su fito kusan iri ɗaya. Daga nan ya yi ƙugiya da maratayi da basilla da sakatar ƙofa, sa'an nan ya gwada awartakin kansa. Lauje da ruwan fartanya sai hannu ya faɗa, garma kuwa aikin manya ce.

Babban sirrin kayan kaifi yana wurin taurarawa. Bayan an gama siffanta wuƙa ko gatari, a gasa shi ya yi ja a bar shi ya huce a iska, don gajiyar dukan ta sake shi. In ana so ya yi laushi a goge shi da magagari, sai a binne shi da zafinsa cikin toka ya kwana. Sa'an nan a sake gasa bakin a hankali. Akwai dabara mai sauƙi ta gane lokacin tsomawa: ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, saboda haka in mayen ƙarfe ya ƙi manne masa, a ƙara masa zafi kaɗan a tsoma. Sifirin da magagari sun fi son mai, domin ruwa yana sanyaya su da gaggawa har su tsage. A dai yi hattara, man yakan kama da wuta, a ajiye murfi kusa.

Ƙarfen da ya fito daga tsomawa ya yi tauri, amma yana da gautsi kamar kwalba, kuma a nan ne kayan kasuwa da yawa ke samun matsala, fartanya ta haɗu da dutse bakinta ya ɓalle. Maganin shi ne a goge shi ya yi haske, a ɗumama shi sannu-sannu daga baya, a zuba ido. Launuka za su riƙa tafiya zuwa bakin kaifi: launin busasshiyar ciyawa a wajen digiri 230, ruwan ƙasa a wajen 250, shunayya a wajen 280, shuɗi a wajen 300. Aska da wuƙa a tsayar da su a launin ciyawa, gatari a kai shi ruwan ƙasa ko shunayya, kayan da za su yi ta karo da duwatsu irin na gonakin tuddan Zuru a bar su su kusanci shuɗi, sai a sake tsomawa. Tsohon maƙeri ya san wannan da ido tun kafin a haife mu, ɗan makaranta kuma ya san dalilinsa a littafi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. In su biyun suka zauna a rumfa ɗaya, manomi ne zai ci riba da fartanyar da za ta yi masa damina biyu ko uku maimakon ɗaya.

Kiyaye lafiya da kiyaye doka

Wuta ba ta san mai digiri ba. A sa tabarau na kare ido kullum, a sa tufafin auduga da takalmi rufaffe na fata, domin yadin roba narkewa yake yi ya manne a jiki. Ƙarfen da ya koma baƙi yana iya riƙe zafin da zai sale hannu, don haka duk ƙarfen da ke ƙasa a maƙera a ɗauka mai zafi ne. Kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki, saboda yana fitar da iskar guba marar wari mai kisa. Kada a gasa ƙarfen da aka shafe da tutiya, kamar kwanon rufi da bututun ruwa mai haske, don farin hayaƙinsa yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kada a sa rufaffen bututu ko tanki a wuta, yana iya fashewa. Abin da ya yi kama da harsashi ko kayan yaƙi cikin tarkace, kada a taɓa shi, a sanar da 'yan sanda. In an ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta har kimanin minti 20; maƙera sun shahara da maganin ƙuna, amma babbar ƙuna ta asibiti ce. Daɗin daɗawa, a san inda ƙarfe ya fito. Titin jirgin ƙasa da ƙarafan gada da na turakun lantarki dukiyar jama'a ce, ma'aikacin gwamnati kuwa shi ne na ƙarshe da ya kamata a kama da kayan sata.

Akwai kuma ladabin shiga. A je da goro da sallama, a nemi izni wurin babban gidan ko Sarkin Maƙera, a yi magana a fili kan abin da za a riƙa biya, a sayi gawayin da za a ƙona. In maigida ya ce a fara da zuga, to a zauna a yi zuga, ko da mutum yana mataki na 12 a ofis, domin a wurin zuga ake koyon halin wuta. Kada a je da littafi ana gyara wa dattijo aiki a gaban yaransa.

Amsa ga masu suka

Na san za a ce ƙira gado ce, bare ba ya shiga. Lalle akwai asiran wuta da magunguna da kowane gida ke riƙe wa 'ya'yansa, mai koyo kuwa ba shi da hurumin tambayarsu. Amma riƙon masaɓa da karatun launin ƙarfe ilimi ne, ilimin da ya rasa mai ɗauka kuwa da mai shi ake binne shi. Malamin makarantar da ke ƙera ƙugiya ran Asabar ba zai ƙwace wa maƙeri kasuwa ba. Zai ƙara masa kuɗin shiga, ya zama mai yi masa magana a inda ake raba ayyuka.

Wasu za su ce zamanin tarakta ne, me za a yi da fartanya? Su zaga gonakin Manga da damina su ƙirga taraktocin da za su gani. Galibin noman ƙasar nan har yanzu da hannu da shanu ake yinsa, garmar shanu kuma bakinta yana cinyewa, sai an sake shi. Tun da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iyawa. Ƙasashen da suka ƙera taraktar ma ba su yar da masaɓa ba. A Amurka an kafa ƙungiyar maƙera ta ABANA a 1973, a Ingila aka kafa irinta a 1978, kuma cikin masu wannan sha'awa akwai ma'aikatan ofis da 'yan fansho da ke hura wuta a bayan gida ran hutu, suna sayen darasi da kuɗi mai yawa. Abin da suke biya don su samu, mu muna wuce shi kullum a hanyar kasuwa.

Suka ta uku ita ce mai nauyi, ba kuwa za a kau da kai daga gare ta ba. Ƙasar Zuru ta sha wuyar 'yan bindiga, musamman yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, inda a watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a kwanton ɓauna guda. A irin wannan hali, mai hankali zai tambaya ko koya wa matasa sarrafa ƙarfe ba zai ƙara masu ƙera makamai ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga ba tare da izni ba, duk wanda ya karya ta kuwa a hukunta shi, ko ɗan gado ne ko ɗan koyo. Amma mai mugun nufi a ɓoye yake aikinsa, ba ya zuwa ajin da aka rubuta sunan kowa, ƙarƙashin idon Sarkin Maƙera da hukumar makaranta. Koyarwa a fili tana sa a san wane ne maƙeri da abin da yake ƙerawa, saurayin da ke da abin yi a hannunsa kuma ya fi wuyar ruɗuwa da kiran daji.

Ta huɗu ita ce maganar itatuwa, kuma gaskiya ce ƙirya tana ƙaranci. Mai koyo ya saba da ƙaramar wuta daidai aikinsa, ya yayyafa ruwa a gefen gawayi don kada ya ci a banza, ya kashe wutar in ya gama. Kowace ƙungiyar masu koyo ta ɗauki alkawarin dasa itatuwa kowace damina da kula da su har su kama.

Abin da ya kamata a yi

Zuru tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020 a gurbin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ina roƙon shugabanninsu su buɗe ƙungiyoyin ƙira na ɗalibai, su gayyato ƙwararrun maƙera daga Manga da Dabai da sauran garuruwa a matsayin malamai masu alawus, a kira su malamai a kuma girmama su haka. Ɗaliban injiniyan aikin gona su ɗauki garmar da manoman yankin ke amfani da ita su auna nauyinta da taurin bakinta, su zauna da maƙeranta a ga inda za a kyautata. Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'ar hannu. A kawo shi ga maƙeran karkara, don dattijon da ya shekara 40 a bakin wuta ya sami takardar da za ta ba shi damar koyarwa. Ƙaramar hukuma ta gina rumfa mai iska a ba masu koyo, masarauta kuma ta sa gasar garma da lauje cikin nune-nunen bikin Uhola, da kyauta ga gwani da kuma ga ɗan koyon da ya fi ƙoƙari.

Mu kuma ma'aikata kada mu jira sai an kafa kwamiti. Ƙa'idar aiki ta ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, wanda ya riga zuwa, sai mutum ya koma gida, kowa kuwa ya ga yadda jiran fansho ke tsufar da mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara yau yana ba ƙira yammacin Asabar kaɗai, kafin ya ajiye aiki zai iya gyara kayan gonarsa, ya yi wa maƙwabta, ya koya wa jikoki. Ɗalibi kuma da ke zaman jiran sakamakon jarrabawa, wata uku a maƙera za su ba shi abin da ba mai ƙwace masa. Mutum uku ko huɗu a ofis ɗaya ko aji ɗaya su haɗa kuɗin gawayi da goro, su je su yi sallama da maƙerin unguwarsu a wannan makon, su ce sun zo neman ilimi. Allah ya ba mu ikon koyo, ya sa albarka a hannuwanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya, amin.